Kafin ka kira birkila: yadda ake tsara makarantar da yara za su sake a cikinta a Kano

Wata rana cikin watan Afrilu na je ɗauko 'yar yayata daga makaranta wajen ƙarfe ɗaya saura, makarantar kuɗi ce a nan unguwarmu. Na leƙa ajinsu, yara sun haura hamsin, taga ɗaya ce tal kuma tana can sama dab da silin, rufin baƙin kwano ne, ba wuta, fanka a tsaye. Yarinyar ta fito hijabinta ya jiƙe sharkaf. Na karɓi jakarta sai na ga robar ruwanta a cike yadda aka zuba mata da safe, na ce Ummi ba ki sha ruwa ba duk zafin nan? Ta ce Kawu in na sha fitsari nake ji, ni kuma ba na son shiga banɗakin can. Wallahi maganar nan ta daɗe tana cina. Aikina tsayawa a kan gini ne, kuma abin da na gani ranar duk abu ne da tun a kan takarda ake gyara shi, da yawansa ma ba ya ƙara ko sisi a kan kuɗin ginin.

To ga mai niyyar gina firamare ko Islamiyya, Alhaji ne kai ko Hajiya ce ke ko kwamitin unguwa ne, ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin daki-daki.

Abu na farko fili. Kar ka sayi fili da rani ka ce ka gama gani, ka koma cikin watan Agusta bayan an tafka ruwa ka tsaya ka ga inda ruwan yake bi da inda yake kwanciya. Kano gari ne na kududdufai, da yawansu an cike su da shara da ɓaraguzai an yanka fulotai a kai, ƙasar tana nan ba ta zauna ba, in ka ɗora gini bayan shekara biyu uku bango ya fara tsagewa. Tambayi dattawan layin me ke wurin a da, za su gaya maka abin da dillali ba zai faɗa ba. Ka guji ƙarƙashin babbar wayar wuta, da maƙwabtaka da gidan mai ko shagon gas, in kuma wajen Sharada ne ko Challawa ko Bompai ka duba ta ina kwatar masana'antu take wucewa. Sannan girma. Fuloti ɗaya ƙafa 50 da 100 bai wuce murabba'in mita 460 da 'yan kai ba, ajujuwa shida da barandarsu kaɗai za su cinye shi kusan duka. A nawa lissafin, firamare mai aji shida tana son fuloti huɗu in so samu ne, kuma rabin filin a bar shi ba gini. Na san ƙasa ta yi tsada a cikin gari, amma gara ka matsa gaba kaɗan wajen gari ka samu sarari da ka cusa yara ɗari biyu a gidan da aka gina don iyali ɗaya. Takardun fili ka tantance su a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, zanen gini kuma ya bi ta KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, a amince kafin a haƙa fandisho, ka kuma je hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu ka ji sharuɗɗansu tun da wuri, kada sai ka gama a ce maka ka rushe wani abu.

Na biyu, kuma a nan zan ɗan daɗe don shi ne gishirin maganar: ina ginin zai fuskanta. Ka samu mai zane na gaske wanda ya karanci abin, ku tsaya tare a filin da safe ku sake dawowa da la'asar. Ginin ajujuwa dogo ne, to tsawonsa ya miƙe daga gabas zuwa yamma, wato dogayen bangwayen da ke ɗauke da tagogi su kalli kudu da arewa, gajerun bangwaye marasa taga su ne za su tari ranar safe da ta yamma. Dalili shi ne ranar hantsi da ta la'asar a kwance take shigowa, ba rufin da zai tare ta, kai tsaye take faɗawa kan benci da idon yaro, amma ta tsakar rana tana sama, ɗan leɓen rufi ya isa ya kare ta. Kuma mu nan Kano muna wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta ɗan gefen arewa take bi, sauran watannin kuma ta kudu, shi ya sa ɓangarorin biyu duk suna son inuwa, baranda mai faɗin mita 2 ta kudu, leɓen rufi da bai gaza mita 1 ba ta arewa. Akwai wata riba kuma, hadarinmu daga gabas yake tasowa da iskarsa, in gajeren bango ne ya tare shi feshin ruwa ba zai riƙa shiga aji ba. Iskar hunturu ita ma daga arewa maso gabas take kwaso ƙura, to wannan kusurwar ita za ka tsare da layin bishiyoyi.

Mutane da yawa titi suke bi, duk inda titi yake can gini zai kalla don a ga kyau. Geti ne ya kamata ya kalli titi, ajujuwa rana za su bi.

Na uku shi kansa ajin. Mita 7 a faɗi, 8 a tsayi, ya ba ka murabba'in mita 56, kuma tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, to da wannan adadin za ka yi lissafi. Daga daɓe zuwa silin kada ya gaza mita 3, in ka samu uku da rabi ya fi. Tagogi a bango biyu masu kallon juna don iska ta shiga ta nan ta fita ta can, taga a bango ɗaya komai girmanta iska ba ta ratsawa. Jimillar faɗin tagogin ya kai kamar kashi ɗaya cikin biyar na daɓen ajin. Sannan a saman bango dab da silin a bar ƙananan ƙofofin iska da raga, don iska mai zafi sama take taruwa, in ba ta da hanyar fita nan za ta zauna a kan yara.

Akwai abin da nake sa duk wanda nake wa aiki ya yi, in ce Alhaji ɗan durƙusa a nan tsakiyar aji. In ya durƙusa kansa ya dawo daidai tsayin ɗan aji ɗaya, sai in ce to me kake gani? Yawanci bango kawai. Mu manya muna auna taga da ƙirjinmu, yaron da zai yi shekara shida a ɗakin ba ya ganin ko ganyen bishiya, iskar ma ta saman kansa take wucewa. A ajin ƙanana gindin taga ya sauko kamar santimita 60 zuwa 70 daga ƙasa, allo ma ya sauko yadda yaro zai yi rubutu ba sai ya yi ɗage ba, haka mariƙin ƙofa, haka famfo, haka ƙusar rataye jaka. Tagar da take buɗewa waje kan baranda da kaifin ƙarfe daidai goshin yaro mai gudu kuwa a canza ta, luba ko mai zugewa ta fi. Ƙofa ta buɗe waje, faɗinta aƙalla santimita 90, don ranar da wani abu ya firgita yara suka yo ƙofa gaba ɗaya, wadda take buɗewa ciki danne ta za su yi ta ƙi buɗuwa. In za a sa ƙarfen taga, a bar guda ɗaya a kowane aji da ake iya buɗewa ta ciki.

Yanzu rufi da bango. Wannan dogon baƙin rufin da ake yayi, a gida ma zafi ne balle a aji. Baƙi zuƙar rana yake, fari ko mai haske mayar da ita yake, kuma kuɗinsu kusan ɗaya ne a kasuwa. Tsakanin kwano da silin a bar sarari mai ƙofofin iska ta gefe biyu, a sa raga saboda jemagu da tsuntsaye. Wannan dabarar ce wani mai zane ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, ya yi amfani da ita a firamaren ƙauyensu Gando da aka gama a 2001, bulon ƙasa ya yi bango da shi, ya ɗaga kwano sama da silin iska tana ratsawa tsakani, kuma aikin ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gini a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya. Yanayinsu irin namu ne, zafi da ƙura da gajeriyar damina. Mu ma ai ba baƙin abin ba ne, shiga Gidan Makama da tsakar rana a watan Afrilu ka ji yadda soron yake da sanyi, ko Gidan Ɗan Hausa inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, duk tubali ne da azara. Bango mai kauri na ƙasa yana riƙe zafin rana ba ya sakinsa ciki sai dare, lokacin yara suna gida.

Ban ce ka yi ginin tubali irin na kakanni ba, don yana son yaɓe duk shekara kuma iyaye za su yi ta ƙorafi. Akwai bulon jar ƙasa da ake gauraya da ɗan siminti a matse a inji, da jan bulo gasasshe, duka sun fi bulon siminti mai rami sanyi. Sharaɗinsu biyu ne, fandisho na kankare ya ɗago su sama da ƙasa yadda danshi ba zai hau ba, rufi kuma ya leƙo ya kare su daga ruwa. In bulon siminti ne dai ƙarfinka, to yi inci 9 a bangon waje, ka shafa farin fenti, ka dogara da baranda da bishiya. Silin asbestos kada ya shigo, ƙurarsa tana illa ga huhu. Katakon rufi in ka saya a Na'ibawa a shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi, kuma kafinta ya ɗaure shi da rodi ko ƙarfen ɗauri a jikin lintal, don duk farkon damina sai ka ji iska ta yaye rufin makarantu, yawanci ƙusa ce kawai take riƙe da su.

Maganar bene kuwa ba wasa a ciki. A watan Yulin 2024 wata makarantar bene ta rufta a Jos yara suna ciki, mutum 22 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. In za ka hau sama, injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi ta ƙasa, shi ne zai yi lissafin rodi da ginshiƙai kuma ya zo da kansa ranar zuba dekin, rodin da ya rubuta shi za a sayo a Ƙofar Ruwa, ba wanda ya fi araha ba. Kada a ɗora bene a kan ginin da tun asali ba a yi fandishonsa don haka ba. Matakala biyu a ƙarshen gini biyu, ƙarfen baranda ya haura mita 1, sandunansa a tsaye ba a kwance ba don kada ya zama tsani, tsakaninsu ƙasa da santimita 10 yadda kan yaro ba zai shiga ba. 'Yan nazare da aji ɗaya da biyu a ƙasa za su zauna.

Sai banɗaki, inda Ummi ta ƙi shiga. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 don makarantu ta ce banɗaki ɗaya ga 'yan mata 25, ɗaya kuma da wurin fitsari ga maza 50. In yaranka 210 ne rabi da rabi, kana buƙatar biyar na mata, uku na maza, ban da na malamai. Na mata daban da na maza, ƙofofinsu ma kada su kalli juna, a sa ɗan bango a gaba ya yi sutura. Amma kada a kai shi can ƙuryar bayan gini inda ba mai gani, ƙananan yara tsoro suke ji, kuma a irin wuraren nan ne manyan yara suke cin zalin ƙanana, a sa shi inda malama daga baranda za ta hango mai shiga da mai fita. Ciki ya zama da haske, 'yar taga a sama, ramin na ƙanana ƙarami yadda ƙafa ba za ta zurma ba, sakata a ƙasa inda hannu zai kai, daɓe mai gangara zuwa magudana don a riƙa wankewa da bokiti ɗaya. In masai ne na rami, a sa masa bututun iska dogo da raga a bakinsa, wari da ƙuda za su ragu sosai. Ɗaya daga cikin na mata ya fi sauran faɗi, da famfo a ciki da bokitin shara mai murfi, don 'yan aji biyar da shida da 'yan Islamiyya wasu sun fara al'ada, kuma rashin wurin gyara jiki yana sa yarinya ta zauna a gida kwanaki duk wata ba ta gaya wa kowa dalili ba. Wurin wanke hannu a bakin ƙofa da sabulu. Sokawe ko ramin masai ya yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya ko burtsatse, kuma ya kasance ta gangare.

Ruwa, ƙa'idar nan dai ta ce lita 5 ga kowane yaro a rana a makarantar jeka-ka-dawo, wato sama da lita 1,000 ga yara 210, kuma wannan ban da alwala da zuba wa banɗaki, to ninka shi. Kafin a haƙa burtsatse a kira masu awon ƙasa, don ƙarƙashin Kano dutse ne, ana iya haƙawa a nan a rasa a matsa kaɗan a samu. Ruwan sama kuma kada a bari ya tafi a banza. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif, rufin aji shida da baranda ya kai murabba'in mita 430, ruwa ɗaya mai milimita 20 zai zubo maka lita 8,600. Sa indararo na kwano a bakin rufi ya kai tanki, ruwan farko da ya wanko ƙurar rani a bar shi ya zube, tankin a rufe ruf saboda sauro da kuma yara. Wannan na shara ne da banɗaki da ban ruwa, na sha daban. Wurin alwala kuma a yi masa 'yar kwata ta tafi gindin bishiyoyi, ruwan alwalar yara ɗari biyu kullum ya isa ya raya lambu guda.

Wanda ya kawo mu bishiya. Ni a wurina tun kafin a sauke yashi ake shuka ta, don gini wata takwas ne, inuwa kuwa shekaru take ɗauka. Yuli ne lokacinta, a kewaye kowace da bulo ko raga saboda awaki da leburori. Darbejiya tana jure fari kuma tana saurin girma, ita za ka jera ta yamma da kuma arewa maso gabas. Tsakiyar fili durumi ko ceɗiya, inuwarsu ta isa aji guda ya zauna karatu, amma saiwarsu tana tafiya nesa, a ba su kamar mita 10 daga gini da sokawe. Maɗaci da tsamiya na jikoki ne, a saka ko biyu. Mangwaro da gwaiba suna da daɗi sai dai jifa da hawa, in za a sa su a kai su lambu. Zogale a jikin katanga. Masu ƙaya irin aduwa da bagaruwa ba wurinsu ba ne, tumfafiya a tumɓuke ta duk inda ta fito don ruwanta yana illa ga ido, cin-da-zugu ma haka, 'ya'yansa guba ne kuma yara suna ɗauka su ci.

Kuma don Allah kada a malale tsakar makaranta da siminti ko intalok gaba ɗaya. Yana ɗaukar zafi ya riƙa hucinsa har cikin aji, ruwa ba ya nutsewa, yaro in ya faɗi gwiwa ta tafi. Hanyoyin tafiya kawai za a daɓe, sauran a bar ƙasa da yashi. In an fita tara maza ƙwallo za su mamaye fili, to a ware wani gefe mai inuwa na 'yar gala-gala da tsallen igiya da carafke, a ware na 'yan nazare da ɗan shinge da lilo mara tsayi da yashi mai laushi a ƙasansa.

Akwai wani yaro da na taɓa gani a wata makaranta, shan inna ya taɓa masa ƙafafu, kekensa yake bari a ƙasan matakala ya ja jiki ya hau, farin wandonsa duk ƙasa, abokinsa na biye da shi da jaka. Matakala uku ce kacal. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta wa gine-ginen jama'a hanyar shigarsu, amma ko ba doka ai abin tausayi ne. Gangarar keke ƙa'idarta duk tashin santimita 1 a ba shi tsawon 12, in daɓenka ya ɗago santimita 45 gangarar za ta kai kusan mita biyar da rabi, da ƙarfen riƙewa a gefe, kuma kada a goge ta ta yi santsi. Banɗaki ɗaya ya zama mai faɗin ƙofa da abin zama da mariƙi a bango.

Wuta ba sai na ja ba. Makaranta da rana take aiki, lokacin da sola ta fi ƙarfi, saboda haka fankoki da famfon tura ruwa tanki za su iya tafiya da batir kaɗan. Faifan ya kalli kudu da ɗan kwantawa kamar digiri 12 zuwa 15, a riƙa goge shi duk mako da hunturu don ƙura tana rage masa ƙarfi sosai. Batir da inbata a ɗaki mai iska a kulle, soket a sama inda hannun yara ba ya kai.

Geti ya zama biyu, ƙarami na masu ƙafa, babba na mota, kuma a ja katangar baya kaɗan daga titi a bar fili inda 'yan adaidaita za su tsaya su sauke yara, don kada yaro ya fito da gudu ya faɗa kan kwalta kai tsaye. A yi rumfa da benci a ciki ta jiran iyaye. Ofishin hedimasta ya kalli getin da tsakar makaranta lokaci ɗaya. Shara a raba ta uku tun daga aji, ledar fiya wata da robobi a tara wa masu saye, ganye da ɓawon abinci a rami su zama takin lambu, sauran a kai inda motar shara take ɗauka, ƙonawa a cikin makaranta a daina, masu asma suna wahala.

In kuɗi bai isa a yi duka lokaci ɗaya ba, kuma yawanci ba ya isa, a zana makarantar gaba ɗaya a takarda tun yau har da inda ajin da za a ƙara bayan shekara biyar zai zauna, sai a gina kaɗan-kaɗan. Zubin farko bishiyoyi, katanga, ruwa, banɗaki da aji uku. Ofis mai tayil da ƙawataccen geti su jira. Sannan a cikin kuɗin makaranta na kowane zango a ware wani abu na gyara a ajiye daban, a sa mutum ɗaya da sunansa ya zama shi ke da alhakin banɗaki da famfo, kowane aji kuma a ba su bishiyarsu su riƙa ba ta ruwa. Duk watan Mayu kafin ruwan farko kafinta ya hau rufi ya bi ƙusoshi da ɗaurin katako ɗaya bayan ɗaya, a yashe kwata, a share indararo, a wanke tanki.